Ita Da Ke Raɗa Wa Kowa Suna

A ƙasan akwatin Baba na same ta,
tsakanin katin fansho da matacciyar tocila,
naɗe cikin hular da ya daina sawa.
Nauyinta kamar kwaɗon ƙofar zaure,
kai zagaye, haruffa sun yi masa da'ira,
hannu irin na filaya.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a Samaru
yana tsaron ɗakin iri.
Kwalba dubu, kowacce da sunanta a goshi:
dawa, maiwa, wake ɗan wuri, auduga.
Shi ke juya faifan da babban yatsa,
ya matse, ta ce ƙas,
ya juya, ya matse, ƙas,
sai ɗan kirtani ja ya leƙo kamar harshen ƙadangare.

Ba ta shan tawada.
Na taɓa tambayarsa ina farin yake fitowa,
ya ce, Zulai, matsi ne kawai,
leda ce ta ji jiki ta yi fari,
je ki dubi kan Malam Barau masinja, ki dawo.

Inna Ƙas-ƙas take ce mata,
ta ce a fitar mata da ita daga ɗaki, tana da ciwon kai.
Mu yara muka ce Bindigar Suna.
Yaya Yusha'u ya harbi kekensa da ita, da butar alwala,
har da ƙeyar Tanimu yana barci.
Abokan aikin Baba na da wani sunan Turanci
da bai taɓa shigowa gidanmu da takalmi ba.
Shi kuwa cewa yake, miƙo min abin nan.

Waɗanda suka ƙera ta ba su san lanƙwasa ba.
Babu Ƙa, babu Ɗa, babu Ɓa.
Gyaɗa ta fito tsirara,
baƙin wake ya zama bakin wake,
sai ka ce waken zai yi magana.
Baba bai yarda ba.
Yakan gasa allura a wutar aci-balbal,
ya sunkuya, ya riƙe numfashi,
ya ɗora wa harafin ƙugiyarsa.
Ko kwalba ce, in ji shi, kada a ɓata mata suna.

Da yana ta rufe masa ido
sai ya koma karatu da yatsa.
Na hawan jini, na safe, na bayan isha,
duk ya shafa ya gane,
ba ya son a karanta masa.

Ran Talata na ɗauke ta neman kirtani.
A Sabon Gari mai littattafai ya juya ta sama da ƙasa,
ya ce ko ta huda kunne ce?
A PZ wani yaro ya ɗauke ta hoto,
wayarsa ta yi tunani, ta ce ma'aunin zafi.
Wani tsoho mai gyaran agogo a Tudun Wada
ya yi dariya har da tari:
Kai, Mai Cizo! Tana nan da rai?
Kirtaninta kam, 'yata, rabona da shi tun ana hawa jirgin ƙasa zuwa Funtuwa.

Na dawo ta Ƙofar Doka da ita a jaka,
da sunaye biyar, babu na yanka.

Da dare na buɗe cikinta.
Saura ɗan guntu, bai kai gaɓar yatsa biyu ba.
Gidan nan babu abin da bai liƙa wa suna ba,
gwangwanin ƙusa, makunnin fanka, akwatin rediyo,
ita kaɗai ya bari haka.

Faifan yana kan K, inda ya tsaya.
Ban san me ya fara rubutawa ba.
Na matse sau ɗaya.
Inna ta ɗaga murya daga ɗaka, ta ce, wane ne?
Na ce ni ce,
allura nake nema.